Littattafan Malam Isyaku da Aka Wanke

Ina ɗakin gwaji a Kano, ranar Talata da hantsi, Hajiya Talatu ta kira ni ta ce maigidanta ya cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Dakta Isyaku, wanda ya koyar da ni shekara tara, ya rasu a gidansa na Gumel bayan gajeruwar jinya.

Malam ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan wani ɗan sashe na tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, mashigar da saƙon ido da na kunne ke bi. Ƙwayoyin wurin suna da wani bugu mai nawa ƙwarai: kafin ya hau ya sauka sau ɗaya, mutum ya karanta Fatiha a tsanake. Masu bincike da yawa kan sa na'ura ta share shi, a zatonsu datti ne. Malam bai yarda ba. Yakan ce, “Abin da mutum ya kasa jira, shi yake cewa babu.”

A ƙasar waje ya yi gwajin, da yankin ƙwaƙwalwar ɓera wanda bai kai farce kauri ba. Zarginsa shi ne ƙananan ƙwayoyin da ke yi wa na jijiya hidima su ke sakin wani sinadari mai kwantar da na jijiyar, in ya gushe su farfaɗo. Duk abin da ya gani ya zana shi da alƙalamin tawada, littafi goma sha ɗaya. Ranar da nake taya shi kwafe bugun a littafi, na tsallake minti biyu saboda gajiya, bai yi mini faɗa ba, kujerarsa kawai ya jawo muka sake daga farko. A jinyarsa ya faɗa a gaban iyalinsa cewa littattafan nawa ne, in ƙarasa aikin.

Sai ranar uku na samu isa Gumel. Ga abin da na tarar. Ƙanensa Alhaji Sabo, dillalin shanu a Maigatari, wanda ya shekara talatin yana yi masa dariya wai likitan ɓeraye, shi ne ya buɗe akwatin littattafan. Ya ga zane-zane, ya ji an ce sirrin ƙwaƙwalwa ne, shi ke nan ya jiƙa su a baho. An tace ruwan an ɗura a jarkoki, an aika wa 'ya'yan dangi masu shirin jarrabawa, har Gagarawa da Sule Tankarkar. Ba aya ba ce, ba addu'a ba ce, bugun ƙwaƙwalwar ɓera suka sha. Takardun kuwa na gan su a bayan gida, sun dame kamar ƙullu, kaji na tonawa.

Da na yi wa Alhaji Sabo magana, ko kunya babu ya ce, “'Yar nan, ilimin gidanmu ne, ya za a yi bare ta kwashe?” Tir! Mutumin da bai taɓa tambayar yayansa me yake nema ba, yau shi ne mai kishin iliminsa.

Da zan tafi na shiga yi wa Hajiya sallama a ɗakin takaba. Ta ɗaga tabarmar da take zaune a kai, ta miƙo mini littafi ɗaya, na bakwai. Ta ce shi kaɗai hannunta ya kai gare shi. Na buɗe a mota: shafin farko ya soma daga tsakiyar bugu, farkonsa yana cikin na shida.

Allah ya jiƙan Malam, ya yafe kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Hajiya da 'ya'yanta haƙuri, ya raba yaran da suka sha tawadar nan da cuta. Alhaji Sabo ma Allah ya shirye shi. Malam ne ya koya mini jira, zan jira ranar da zan iya faɗin haka da zuciya ɗaya. Amin.