Neman Hoton Bango a Gidan Kakata

Daura

Ana idar da sallar asuba na biya wa ƙawata Binta mai hoto, muka nufi tasha. Littafina na farko ne ya tayar da ni, labarin soyayya mai ban dariya tsakanin wata mai tallar fura da wani bafatake, tun zamanin da ba mota. Mai buga littafin a Kano ya ce in bai ga hoton bango ba kafin Alhamis, nasa zai manna. Na kuwa ga nasan: wata ce da jan baki, gashi har gadon baya, ta rungume fure. Wai mai furata ke nan. Na ce wallahi sai dai a fasa littafin.

Ƙauyen Kakata na bayan Mashi, har yau da rumbuna da ɗakunan ƙasa. Tun jiya na yi mata waya cewa muna tafe ɗaukar hoton gidanta, za a sa a littafi.

Mashi

Mu huɗu aka cusa a bayan mota, sandar kyamara na sukar haƙarƙarina. A shingen hanya wani jami'i ya leƙo.

"Wannan mai ƙafa ukun fa?"

"Ta 'yan fim ce, yallaɓai," in ji direba.

Sai ya gyara hula, ya ce in ana neman mai fitowa a soja, ga shi. A Mashi muka sha koko da ƙosai, muka hau acaɓa biyu.

Ƙauye

Saura kaɗan in wuce gidan. An shafe zauren da shuɗin fenti, ko bushewa bai gama yi ba. Tsakar gida an jera kujerun roba na aro. Ga Kaka a hakimce cikin leshi, da baƙin tabarau, kuloli jere a gabanta.

"Kaka, ina ƙoren? Ina turmin?"

"Na kai maƙwabta na ɓoye. So kike mutanen Kano su ce jika ta yi littafi, kaka na fama da ƙwarya?"

"Ai labarin mutanen da ne."

"Mutanen da ɗin ma in za su yi baƙi gyarawa suke yi."

Takaici ya ishe ni, kamar in yi kuka. Binta kuwa dariya take har da riƙe ciki. Muka ci tuwon dawa da zabo, ni dai turawa kawai nake.

Bayan azahar muka fara haɗa kaya, ba mu samu hoton da muke so ba. Kaka ta ga hoto ya ƙare, leshin kuma na ta cizonta, sai ta tuɓe ta ɗaura tsohon saƙinta. Ta aika aka ɗauko ƙwarya, ta zauna gindin rumbu tana dama mana furar hanya. Sai ga kakana, Baba Tsoho, ya dawo daga gona a kan jaki. Bai ko sauka ba ya miƙo hannu wai a ɗanɗana masa. Ta make hannun da ludayi tana dariya. Binta ta danna.

Da muka nuna mata, ta haɗe rai.

"Wa ya ce ku ɗauke ni haka, kamar 'yar aiki? Ban yarda ba."

Baba Tsoho ya karɓi kyamarar, ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Haka na fara ganinki a kasuwar Mashi," ya ce.

Kaka ta ja gefen zane ta rufe baki. Can ta ce, "To, a sa. Amma a rubuta cewa ina da leshi."

Gida

Ana kiran magariba muka shigo Daura, na tura hoton. Mai buga littafin ya kira ya ce, "Hajiya, ai waɗannan tsofaffi ne." Na ce su ne masoyan, sun daɗe tare ne kawai.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Binta da saurin yatsanta. Wanda ya sayi littafin ya duba ƙasan bango, zai ga ƙaramin rubutu: Tana da leshi.