Almakashin Malama da Ganyen Dawa

A daminar shekarar da aka daina kashe fam aka koma naira, wata Laraba da hantsi, na tsaya da awakinmu a jikin tagar makarantar ƙauyenmu, kusa da Jahun. Wata malama ce a ciki riƙe da almakashi, tana yanka takarda tana faɗin sunayen da Turanci, yara suna amsawa. Da ta hango ni sai ta ce, "Ke mai awaki, ranar da kika iya waɗannan kalmomin, ki zo in ba ki wurin zama."

Yayana Sule yana ajin, shi ya ɗauki nauyin koya mini. Takarda ba ta wasa ba ce a gidanmu, sai muka koma ga ganyen dawa. Idan na gama surfe na ɗebo ruwa, Inna ta ara mana almakashinta na ɗinkin hula, mu zauna a gindin rumbu. Ya ɗaga ya ce "sizas," in amsa. In datse ganye in ce "kot." Ganyen kuwa "fefa" muke kiransa, wato takarda, duk da mun san ba takarda ba ne. In na karkace ya dungure mini kai ya ce, "Ko akuyarki ta fi ki iya yanka." Kafin gero ya fitar da kai na haddace su tsaf.

Sai tsuntsaye suka sauka a gona. Baba ya ce, "Hauwa, ki tsare mana geron nan, bayan girbi ki tafi." Ba mugunta ya yi ba, abincinmu ne. Na wuni ina kaɗa gwangwani ina rera kalmomina. Da aka ɗaure damin ƙarshe na yi wanka na tafi, na tarar an mayar da Malama wani gari. Wanda ya gaje ta ya ce aji ya cika.

Marigayi Malam, mijina, ya sha cewa zai kai ni ajin manya. Bara muka rufe shi, Allah ya jiƙansa. Sule ma ya riga shi.

Jiya a nan Yalwawa, jikata Hafsatu, wadda take rubuta mini wannan, tana kallon wayarta. Wata 'yar Sin ce da almakashi tana koya wa mutanenta Turanci. Ta ce "sizas." Kafin ta kai ga kalma ta biyu na riga ta faɗa, sai hawaye. Hafsatu ta ce, "Kaka, a ina kika sani?"

Na iya tun tuni, wurin zaman ne ban samu ba.