Idon Aladen Wolfert

Ina cikin jera kifi a gishiri Aaltje ta faɗo rumfata, ko mayafi babu, ta ce mijinta Wolfert ya cika. Na zauna a kan ganga.

Shekara arba'in muna tare da shi. Sana'arsa sassaƙa hoto a farantin jan ƙarfe, a shafa tawada, a danna a takarda, a kai har Amsterdam a sayar. Ba ya zana mutum. Dabbobi yake zanawa cikin kayan mutane, amma duk ɗan garinmu da ya kalla ya san da wa ake.

Shekarar da marayu suka rame, shugaban gidansu Van Drommel kuwa ya ajiye tumbi, sai Wolfert ya zana alade da farar kwala yana lashe kwanon 'yan tsaki. Idon aladen na hagu a kanne, sak na Van Drommel. Aka maka Wolfert gaban alƙali. In laifi ya tabbata, za a karya kayan aikinsa, a kore shi daga gari.

Wolfert bai zo da takardar hoton ba, farantin ya rungumo.

"Ranka ya daɗe, wane idon Van Drommel ne a kanne?" ya ce wa alƙali.

"Na hagu," in ji alƙali.

"To, na aladena na dama ne. Duba."

Duk mai buga hoto ya san abin da ke dama a faranti hagu yake fita a takarda. Alƙalin ma ya sani, don bangon gidansa cike yake da hotuna. Ya daɗe yana kallon farantin, ya dubi tumbin Van Drommel, ya ce shi dai dama yake gani. Aka sallami Wolfert. Kafin sanyi ya shigo an sauya shugaba, marayu suka fara ganin cuku da madara.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Talatar nan ne, da na kai masa kifi. Yana kwance ba lafiya.

"Lubbert, har yau ban zana ka ba."

"Rufa mini asiri. Wace dabba za ka mai da ni?"

"Jaki mana."

"Kai, tsohon banza!"

"Shi kaɗai ne a hotunana bai taɓa cin rabon wani ba," ya ce. "Gobe ka kawo mai ƙiba, wannan kifin naka maraya ne."

Na ce, "Zan kawo, Wolfert."