Malam Ilu da Hasumiyar Coci

Ina shirin fita makaranta mai gidan hayarmu ta kira ni in ɗauki waya a ƙasan bene. Aka ce Malam Ilu ya cika a asibiti. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mai zanen taswira ne, gwamnati ta turo shi ƙaro ilimi a shekarun nan da kuɗin mai ke kwararo mu London. Flat ɗinsa na unguwar Catford ya zama gidan kowane ɗalibi. Tuwon semolinar matarsa, Yaya Rabi, shi ya raya mu.

A falonsa akwai wani zane na hasumiyar coci. Ya ce da allura aka karce shi a farantin tagulla, sannan aka buga a takarda. Yakan ja ni gaban zanen ya ce, "Habu, bar ginin, dubi hannun." Sai ya nuna mini yadda layuka suka cunkushe a gefen inuwa, suka yi ta sirancewa har sama ta zama farar takarda kawai. "Wanda ya ja waɗannan bai san gaggawa ba." In lokacin salla ya yi, ya sauke zanen da hannu biyu, mu idar, ya mayar.

Ranar sadakar uku wani Alhaji da ya zo ganin likita a unguwar Marylebone ya hango zanen. Ya cire shi, ya tura bayan kujera da ƙafa, ya ce, "Allah dai ya yafe masa wannan." Wallahi ni na fi kowa sanin abin da Malam ke gani a ciki, amma na sunkuyar da kai na ce amin tare da jama'a. Yaya Rabi na bakin ƙofa da tiren shayi. Ta ji. Kunyar wannan amin ba ta sake ni ba.

Da za ta koma Zariya na je taya ta ɗaure kaya. Na tarar ta naɗe zanen a cikin babbar rigar Malam. Na miƙa hannu zan karɓa.

"Bari, Habu," ta ce. "Ba shi da nauyi."

Allah ya jiƙan Malam Ilu, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ya ba Yaya Rabi haƙuri, ya raya 'ya'yansa. Mu kuma da muka ci tuwonsa muka kasa buɗe baki dominsa, Allah ya yafe mana.