Shagon da titi ya cinye

Baba Mai Fanka bai taɓa yarda akwai abin da ya fi ƙarfin gyara ba. Shekara arba'in yana naɗa waya a bakin kasuwa, fankar da mai ita ya fid da rai ya tashe ta. Wannan halin ne ya ja masa.

Ya auri matarsa tana goye da 'yar wata takwas, mijinta na fari ya rasu. Yarinyar ta tashi a hannunsa, daga baya aka haifa masa maza uku, suke kiranta Yaya Babba. Da uwar ta rasu, ita ta riƙe gidan. Baba ya san ranar da ya faɗi ba ta da ko tsinke a gadonsa, don haka ya je wurin lauya a ɓoye ya rubuta wasiyya: shagonsa na bakin kasuwa nata ne.

Sai aka zo faɗaɗa titi, aka rushe shagon. Da diyyar ya sayi wani a layin masu walda. Kuɗin lauya kuma? Allah ya kiyaye. Ya ɗauko takardar, ya soke tsohon adireshi da biro, ya rubuta sabon a sama, ya mayar ƙasan akwati yana jin ya gama.

Bayan shekara huɗu, kwanciyar asibiti ta sa ya kai wa lauyar takardar ta duba. Ta ce wannan zanen biron ba zai tsaya a gaban kowa ba. Sai an rubuta sabuwa, ga takardar sabon shagon, ga shaidu biyu.

"To da na mutu a asibitin fa?"

"Da kwalta ka bar mata, Baba."

Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma babu wanda zai ɗora wa laifi. Daga nan ya shiga zirga-zirga. Takardar shago har yanzu sunan wanda ya sayar masa ne a kai, shi kuwa ya bar gari. Sati uku kafin a samo shi. Shaidunsa na farko, ɗaya ya rasu, ɗaya ba ya gane ko 'ya'yansa. Wani mai walda ya yi alkawarin zuwa shaida sau biyu bai zo ba. Bene hawa uku Baba yake hawa zuwa ofishin lauyar da ciwon gwiwa, ya sauko yana ƙunƙuni. Da ya rasa yadda zai yi, ya ja mai askin layinsu ya cike shaidu, mutumin da maganar safe ba ta kai azahar a cikinsa.

Aka sa hannu ranar Talata. Ranar Laraba Yaya Babba ta shigo shago, ko zama ba ta yi ba. Baba ya gyara murya yana jiran godiya.

"A bakin mai aski zan ji? Yaran nan ma a bakinsa za su ji. Gobe ba ka nan, su ce ni na zuga ka. Shagon kake so ka bar min, ko gaba da ƙannena?"

Ya fara lissafa mata wahalar da ya sha, da benen, da gwiwar. Ta ɗauko wayarsa daga cikin tarin sukurori, ta nemo lambar babban ɗansa, ta danna kira, ta miƙa masa.

Baba ya ji gara a ce ya sake hawa benen sau goma. Wayar ta fara ƙara a tafin hannunsa, ita kuma tana tsaye a ƙofa.