Murfi Biyu a Randar Yara

Bana shekara arba'in da uku ke nan da rasuwar maigidana, baban Ashta. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba yana raye, ba kuwa yau zan fara ba. Ni ban iya rubutu ba. Jikata Zenaba ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina ta jira ni.

Rumfarsa a Babbar Kasuwa take. Yana sayar da sabulu da bokiti da jabel, ruwan nan mai wari da ake wanke farin kaya da shi, ake kuma ɗiga shi a ruwan sha ya kashe cuta. Da yaƙi ya shigo N'Djamena, famfo ya koma sai ya ga dama. Ran da ya zo, ja yake zuwa, da laka da ruɓaɓɓen ganye. Ran da bai zo ba, daga Shari ake ɗebo mana, kogin da kowa ya san abin da yake ɗaukowa a kwanakin nan, amma ba mai faɗa.

Malam ba shi da bindiga, ba shi da motar fitar da mu. Kwalaben jabel ya kwaso kafin a fasa rumfar, su ne yaƙinsa. Kowace safiya zai tsuguna gaban randuna yana auna jabel da murfin kwalba: murfi ɗaya a randar manya, murfi biyu a ƙaramar randar yara. Ba ya jira ruwan ya kwanta, ba ya tacewa. A wurinsa mai datti ai shi ya fi bukatar magani da gaggawa.

"Malam, yaran nan tofarwa suke yi."

"Su tofar su sake sha. Ke kin fi son ruwa mai daɗi da likkafani?"

Amai da gudawa suka shiga maƙwabta, ba su shigo mana ba. Har yana bugun ƙirji a bakin masallaci. Amma autarmu Maryama, 'yar shekara uku, sai ta fara rama a hankali, ta ƙi tuwo, ta ƙi wasa. Likita kuwa a lokacin, wa ya gan shi? Muka ce firgicin yaƙi ne, ƙarar harsashi ce ta tsinka mata zuciya. A goye na ta cika. Shi ma bai ƙara shekara biyu ba ya bi ta.

Shekarun nan duka ina cewa ƙaddara, ina barci. Sai watan jiya, a gidanmu na unguwar Habbena, na ga Zenaba ta hana ɗanta ruwan famfo, sai ruwan leda take ba shi. Ta ce likitar yara ce ta faɗa musu: maganin da ake zuba wa ruwa, in ya haɗu da datti, yakan haifar da wani abu daban wanda ido ba ya gani, kuma jikin ƙaramin yaro ne abin ji.

Na ce, "To in an ninka maganin fa?"

Ta yi dariya. "Kai, Kaka, yaushe kika shiga jami'a ban sani ba?" Da ta dubi fuskata sai dariyar ta tsaya. Ta ce ba wanda zai iya sanin abin da ya ɗauki Maryama. Ta ce da kakanta bai zuba ba, wataƙila uwarta ba ta rayu ta haife ta ba, likitar ma ta ce ruwan da ba magani ya fi saurin kisa. Gaba kura, baya sayaki.

Da yana nan, na san zai yi wa ruwan leda ba'a, ya ce wai yanzu har ruwa ake ɗaurewa kamar gyaɗa. Sannan zai ji maganar likitar, ya tashi ya shiga ɗaki. Wannan kaɗai nake gode wa Allah da ya rufe masa kunne kafin ta iso.

'Ya'ya biyar ya fitar daga wuta da kwalba, yau jikokinsa sun cika gida uku. Ɗayar kuwa, Maryama, ban sani ba, ba kuma zan sani ba. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a. In babu laifi, Allah ya saka masa. In akwai, shi ya zuba, amma ni na ɗauki moɗa na toshe mata hanci har ta haɗiye. Ya Allah, kada ka tambaye shi shi kaɗai. Ka jira in zo.