Odar Maradun da ta shigo sau uku

Shekarun baya ina aiki da wani dilan taki a Talata Mafara. Yana da wakilai a Bakura, Damri da Maradun, kowa da manhaja a wayarsa. Wakili zai danna oda, saƙon ya biyo intanet ya faɗo kwamfutar sito, a buga takardar lodi. Ɓangaren da ke karɓar saƙonnin ni na rubuta shi, kuma a lokacin ji nake duk Zamfara babu kamata.

Wata damina, gero ya fito yana jiran taki, sai ga odar buhu arba'in daga Maradun ta shigo sau uku a jere. Kwamfuta ba ta yi gardama ba, ta buga takarda uku. Aka loda ɗari da ashirin, mota ta tafi. Washegari wakilin Damri ya aiko tasa, sito wayam, ga manoma cike da ƙofar shagonsa.

Nan take na ce laifin wakilin Maradun ne, tsoho ne bai iya waya ba. Abokiyar aikina, wadda ta girme ni a sana'ar, ta ce, "Ka taɓa ganin sa yana dannawa?" Na ce a'a. Ta ce, "To tashi mu tafi."

Da muka isa shagonsa a Maradun, bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Baba, don Allah gwada aika oda mu gani." Ya danna, waya ta yi ta juyi ba amsa. Ya ce, "Kin gani ko, ɗiyata? Haka taka yi min, shiru. In ban ji ta tahi ba, mi zan yi in ba sake dannawa ba?"

Nan na gane laifin nawa ne. Manhajata sai ta duba sito, ta buga takarda, sannan take amsawa, kafin nan sabis ɗin Maradun ya katse.

Tun a shagon ta samo motar da ta kwashi rarar buhunan ta kai Damri kafin la'asar. A hanyar komawa ta zana min gyaran a bayan takarda: kowace oda ta taso da lambarta daga waya. Da ta iso, nan take a ce wa wayar "an karɓa", a sa odar a layi. In lambar ta sake zuwa, a maimaita amsar kawai, kar a buga sabuwar takarda. Kwana biyu muka yi muka gama. Da maigida ya tambaya, cewa ta yi, "Mun gano, mun gyara." Ba ta kama sunana ba.

Na haɗu da gwanaye da yawa bayan ta, amma har yau in manhaja ta rikice na ji bakina na shirin zagin mai amfani da ita, matar nan nake tunawa. Sai in rufe kwamfuta, in je in ga yadda mutumin ke dannawa.